Akwatin Koyon Dungeons & Dragons: Shin Rai Takwas Ya Ishi Sabon Jarumi?

Wata uku ke nan da akwatin koyon wasan Dungeons & Dragons, wanda ake kira Starter Set, ya shigo hannuna ta hanyar wani ɗan'uwa da ya dawo daga karatu a Ingila, kuma tun daga lokacin muke zama a kansa duk daren Asabar bayan sallar isha'i, a zauren gidanmu da ke kusa da Ƙofar Sauri a nan Katsina. Mu shida ne: ni ne mai jan labari, sai ƙannena biyu, da abokansu biyu, da ɗan yayata mai shekara 14. Ga wanda bai san wasan ba, tatsuniya ce da ake ƙullawa tare. Kowa yana riƙe da jarumi ɗaya yana faɗin abin da zai yi, mai jan labari yana bayyana abin da ke gabansu, dayis kuma, irin na ludo amma mai fuskoki daban-daban, shi ke yanke hukunci idan abu ya zama na a yi ko a kasa. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a 1974, wannan akwati kuwa ya fito a 2014 tare da bugu na biyar na dokokin.

A ciki akwai littafin dokoki mai shafi 32, da littafin labari mai shafi 64 mai suna Lost Mine of Phandelver, da takardun jarumai biyar da aka riga aka shirya, da dayis shida. Bayanin a sauƙaƙe yake, kuma labarin yana kai jarumai daga mataki na ɗaya zuwa na biyar, abin da ya ishe mu makonni da yawa. Babu allo ko 'yan gumakan da za a jera, don haka muka zana fili a bayan kwali, muka sa marafan kwalba a matsayin mutane. Da Turanci aka rubuta komai, sai dai ina karantawa da rana in juya shi zuwa Hausa da dare, kuma hakan bai rage masa armashi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne batun ƙwarin sababbin jarumai, domin a nan ne darajar akwatin take, a nan kuma ne ya fi buƙatar kulawar mai jan labari. Kowane jarumi yana da lamba da ke nuna iyakar dukan da zai iya sha kafin ya faɗi, wadda muke kira makin rai. Mayaƙi yana farawa da 12, mai sihiri da 8. Faɗan farko kwanton ɓauna ne a kan hanyar da ta taso daga Neverwinter zuwa Phandalin, inda aka tarar da matattun dawakai biyu sun tare hanya, gajerun dodanni huɗu da ake kira gobilin kuma suna laɓe a cikin kurmi. Kowane gobilin yana da makin rai 7 kacal, amma kibiyarsa tana cin maki 3 zuwa 8, kuma don ya sami mai sihiri, wanda ba ya sa sulke, abin da yake buƙata shi ne dayis mai fuska 20 ya nuna 8 ko sama, wato sau 13 cikin 20.

Ɗan yayata ne ya zaɓi mai sihiri, ya kwashe kusan rabin sa'a yana tambayata ma'anar kowane layi a takardarsa, har ya raɗa wa jarumin suna ya ƙirƙiro masa gari. Da aka fara faɗan, gobilin suka shammace su, kibiya ta farko ta ci 5, ta biyu ta ci 6, na kwantar da marfin kwalbarsa a kan kwalin. Ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Kawu, ai ban ma yi komai ba tukuna." Maganar ta taɓa ni ƙwarai, domin gaskiya ya faɗa. Bai yi kuskure ba, bai yi garaje ba, ba a ba shi damar zaɓen komai ba. Zan ƙara da cewa tare hanya ba abin wasa ba ne a kunnen Bakatsine a 'yan shekarun nan, shi ya sa ban tsaya zuzuta wurin ba, na wuce shi da sauri.

Abin da ya ceci daren shi ne dokar da nake ganin ita ce mafi kyau a littafin. Jarumin da makinsa ya kai sifili suma yake yi, ba mutuwa ba, kuma duk zagaye zai jefa dayis mai fuska 20: 10 ko sama nasara ce, ƙasa da haka faɗuwa ce, nasara uku ya tsira, faɗuwa uku ya mutu. Ko da ba wanda ya kawo masa ɗauki, damar tsirarsa ta kusa kashi 60 cikin 100, kuma abokansa suna da zagaye biyu ko uku na su kai gare shi. Zauren ya yi tsit lokacin da yaron ya jefa ya sami 4. Ƙanena da ke riƙe da jarumi mai ikon warkarwa ya bar faɗan da yake yi, ya bi ta gaban gobilin ya sha sara, ya je ya tashe shi. Tun daga wannan dare suka daina tafiya kara zube. Sai sun tura mai sanɗa ya leƙo, sun sa mayaƙa a gaba, sun tambayi abin da ke bayan kowane dutse. Littafin ma ya yi tanadin cewa idan gobilin suka yi galaba, za su kwashe kaya ne su bar jaruman a sume.

Wannan tsari tsaka-tsaki ne idan aka dubi tarihin wasan. A dokokin koyo na 1981, mai sihiri yana jefa dayis mai fuska huɗu ne don sanin makinsa, yana iya farawa da maki ɗaya tak, kuma sifili mutuwa ce nan take. Bugu na huɗu, na 2008, ya koma ɗaya ƙarshen, inda sabon jarumi kan fara da maki 20 zuwa 30, faɗa ya yi tsawo, tsoro ya ragu. Ni dai ban yarda a cika wa sabon jarumi rai ba, domin tsoron faɗuwa shi ke sa mai wasa ya yi tunani. Ko a labarin Bayajidda, sai da ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa kafin ya isa Daura ya tunkari macijin rijiyar Kusugu, kuma wannan shiri shi ke nuna cewa abin da ya fuskanta mai haɗari ne. Ma'aunina shi ne jarumi ya iya jure duka ɗaya mai kyau daga abokin gaba na matakinsa, ya ga halin da yake ciki, ya zaɓi gudu ko tsayawa, sannan sakamakon zaɓinsa ya biyo baya.

A kan wannan ma'auni, wuri ɗaya ne akwatin ya zarce yadda nake so. A ƙarshen kogon gobilin akwai ƙaton dodo mai suna Klarg, mai makin rai 27, wanda kulkinsa kan ci kimanin maki 11 a bugu ɗaya. Idan dayis ya nuna 20, ana ninka dayis ɗin da ke nuna makin da duka ya ci, bugun ya kai kimanin 20, dokar kuma ta ce idan rarar dukan bayan sifili ta kai cikakken makin jarumi, ya mutu babu jifan ceto. Ga mai sihiri mai maki 8, duka mai cin 16 kawai ya isa, ke nan jifa ɗaya na iya shafe shi ko da lafiyarsa ƙalau. Ga tsofaffin 'yan wasa wannan ba komai ba ne, sai su ɗauko wata takarda, amma yaron da aka kashe wa jarumi a darensa na farko da wuya ya dawo Asabar mai zuwa.

Saboda haka kafin mu shiga kogon na sanar da kowa a fili cewa a mataki na ɗaya mun jingine dokar mutuwar nan take, sauran dokoki kuwa suna nan daram, kuma ba zan ɓoye jifana ko in sassauta shi ba. Na kuma yawaita alamun gargaɗi, kamar girman sawu a cikin taɓo da yadda gobilin ke rawar jiki idan an ambaci sunan shugabansu. Gyaran na ɗan lokaci ne, domin da maki 300 na ƙwarewa ake hawa mataki na biyu, kuma kogon kan kai su can. Makin ran mai sihiri ya koma 14, na mayaƙi 20, daga nan na mayar da dokar yadda take.

Ina ba da shawarar wannan akwati ga duk mai son fara wasan da iyalinsa ko abokansa, da sharaɗin mai jan labari ya karanta babi na farko sau biyu, ya lissafa abin da kowane duka zai iya ci kafin a zauna, ya kuma ba sabon ɗan wasa mafi ƙanƙanta takardar mayaƙi idan ba ya da ra'ayin wata. An fitar da wani akwatin koyo a 2022 da labari daban, don haka wanda yake neman wannan ya duba sunan labarin a jikin kwalin kafin ya biya. Ɗan yayata har yanzu yana riƙe da mai sihirinsa, wanda ya kai mataki na huɗu, kuma shi ne ke fara tambayar inda za a laɓe duk lokacin da na ce hanya ta yi kwana.