Kafin ka sayi dashe a Kaduna, auna filinka da ruwan rijiyarka

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu sayar da dashe a bakin titi a Kaduna ya san yadda cinikin yake farawa. Kafin ka rufe ƙofar mota an tare ka: "Alhaji, ga mai saurin girma, shekara biyu ka shiga inuwa." Abin da za a nuna maka da wuya ya wuce huɗu: dogon yaro, turare, siririn nan mai tsini da suke kira maskared, sai mai rassa hawa-hawa kamar laima. Babu ɗan ƙasa ko ɗaya a cikinsu. Dogon yaro da maskared daga Indiya aka kawo su, turare daga Ostiraliya, mai laima daga Madagaska. Ka ce a nuna maka kanya ko ɗinya, sai yaron ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ai waɗannan na daji ne."

A garin da ake cewa za ni Kawo, za ni Unguwar Rimi, mu haɗu a Ƙofar Gamji, duk sunayen itatuwa, wai itacen ƙasa ne ya zama baƙo. Ban ga laifin mai sayarwa ba. Shi abin da zai cika leda cikin wata uku ya ba shi kuɗinsa yake renawa. Kai kuwa da za ka zauna da itacen shekara talatin, lissafinka daban ne, kuma abu biyu ne jigonsa: faɗin ƙasar da ta rage maka bayan gini, da yawan ruwan da kake iya ba shuka a watan Maris, ba a watan Agusta ba.

Kaduna na samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, shi ya sa a damina ko sanda ka kafa sai ta yi ganye. Amma daga Nuwamba zuwa Maris kusan ko ɗigo babu, ga hunturu na busar da komai, rijiyoyi suna ja baya. Itacen da ya tashi a dajin nan tun kaka da kakanni ya san wannan zama: ya nutsa saiwa ƙasa, ya zubar da ganye in ta kama, ya jira. Abin da kake saye ke nan idan ka sayi ɗan ƙasa. Abin da kake biya kuwa haƙuri ne, domin yawancinsu shekara biyun farko aikin ƙarƙashin ƙasa suke yi, a sama sai ka ce ba sa motsi.

Bari mu fara da baƙin, tunda su za a fara miƙo maka. Dogon yaro ya ci sunansa: yana jure fari, awaki ba su cika damunsa ba, inuwarsa na nan har a tsakiyar bazara. Tun zamanin Turawa yake tare da mu, ba zan ce a kore shi ba. Illarsa 'ya'yan da tsuntsaye da jemagu ke watsawa, ka wayi gari yana tsirowa a magudana da gindin katanga. Turare kuwa itacen gandu ne, irin wanda ake gani jere a dajin Afaka ta wajen Mando. A can ya dace. A cikin gida yana shan ruwa da yawa, ganyensa na hana ƙasa tsirar da komai, kuma reshensa na karyewa idan guguwar farkon damina ta taso. Maskared ado ne kawai. Ya yi kyau a jere a jikin katanga, amma wanda ya saye shi don inuwa zai kwana yana neman inda za shi shimfiɗa tabarma.

Mai laima ni ya taɓa cin kuɗina. Na kafa biyu a tsakar gida, taku uku daga bango, mai sayarwa yana ta rantsuwa saiwarsa ba ta da rigima. Shekara ta biyar intalok ya fara tudu, ta shida murfin sokawe ya tsage. Saiwarsa a saman ƙasa take yawo. Kuɗin mai sara da na birkila ya ninka kuɗin dashen ban san sau nawa ba. Itace ne mai kyau, kuskuren wurin da na sa shi ne.

Wannan darasin ya hau kan na gida ma, kada wani ya ɗauka duk ɗan ƙasa salihi ne. Cediya da durumi su ne inuwar ƙofar gidan mai unguwa da dandalin kasuwa. Ba sai ka sayi dashe ba, reshe mai kauri za ka samo ka kafa da damina, kuma cikin 'yan shekaru kaɗan ka sami majalisa. A sauri babu ɗan ƙasan da ya kama ƙafarsu. Amma saiwarsu tana jin ƙanshin ruwa daga nesa, za ta bi shi har cikin rijiya, bututu da sokawe. Gamji ya fi su duka girma. Waɗannan na harabar masallaci ne, filin makaranta, tasha, ko gidan gona. Mai fuloti ƙafa 50 da 100 wanda gini ya cinye kashi biyu cikin uku, ya gaishe su daga nesa.

Madaci ma babba ne, yana kai mita 20 har ya wuce. A ganina shi ne sarkin itatuwan bakin titi a ƙasar nan: miƙaƙƙe, ganye kusan duk shekara, kuma cikin 'yan ƙasa yana da saurin tashi, ga shi ana samun dashensa ba wuya. Ka ba shi aƙalla mita 8 zuwa 10 daga harsashin gini, ka kuma ɗaga kai ka duba wayar lantarki kafin ka haƙa rami. Matsalarsa ɗaya mutane: ɓawonsa magani ne, idan yana waje masu sassaƙe za su yi ta ɗiba, in suka zagaye gindin kaf itacen ya mutu a tsaye.

To me ya rage wa mai madaidaicin gida? Nan ne nake son mai saye ya daɗe yana tunani.

Tsamiya ce zaɓina na farko ga wanda ke da tsakar gida mai ɗan faɗi. Inuwarta mai sanyi ce, reshenta ba ya karyewa da iska, ga 'ya'ya na kunu. Daga ƙwallo takan ɗauki shekara 6 zuwa 8 kafin ta fara haihuwa, mai aure kuwa, wato wadda aka haɗa reshen wata mai haihuwa a kan karanta, wajen rabin haka, kuma ba ta yin girman ta ƙwallo, wanda alheri ne a cikin gari. Sai dai ka sani ciyawa da fure ba sa yi a ƙarƙashinta. Akwai kuma maganar iskoki. Ranar da na shigo da tawa, mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Kai yanzu duk itatuwan Allah ka rasa wanda za ka kawo mana sai matattarar mutanen ɓoye?" Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, in sun zo sa taya mu gadi." Yau a gindinta take lazimin la'asar. Amma in ka san hankalin mutanen gidanka ba zai kwanta ba, kada ka sayi rigima da kuɗinka.

Kanya ba ta zubar da ganye, inuwarta duhu ce, gara ba ta cika cin itacenta ba. Tana da nawa ƙwarai, wannan dashen jikoki ne. Wani abin da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba, wataƙila shi ma bai lura ba: kanya akwai mace akwai namiji, kuma a leda ba a gane su. In 'ya'ya kake so, guda ɗaya caca ce. Ɗinya ta fi ta sauri, tana son wuri mai ɗan laima, don haka ta dace da gidajen da ke gangaren kogi ko kusa da fadama. Za ka ci 'ya'ya, a yi kwaɗon ɗinkin da sabon ganyenta, amma kada ka ajiye farar mota a ƙarƙashinta lokacin da take zuba.

Ɗorawa da kaɗanya ina ƙaunarsu, sai dai gaskiya ba na cikin gida ba ne. Ɗorawa tana buɗe rassa da faɗi sosai. Kaɗanya kuwa daga ƙwallo sai ta shekara 15 ko fiye ba ta ba ka ko ɗa ɗaya ba. Shawarata a kansu ta masu sayen sabon fili ce a bayan gari, irin su Millennium City da hanyar Kachiya: in ka tarar da ɗaya a tsaye a filinka, ka ce wa mai zanen gida ya kauce mata. Babu kuɗin da zai sayo maka shekara arba'in ɗin da ta riga ta yi. Giginya kuwa Hausawa sun gama magana, inuwarta na nesa ka sha, ga ƙwallo mai nauyi da ke faɗowa daga sama ba sallama.

Kuka fa? A matsayin itace ta fi ƙarfin gidan birni. Amma akwai dabarar da ake yi a Mali da Nijar: a shuka ta kusa-kusa a fangali kamar alayyafo, a riƙa yanke kanta kada ta wuce ƙugu, ana tsinkar ɗanyen ganye. Wanda ke son miyar kuka daga bayan kicin ɗinsa ya gwada. Ƙwallon yana da tauri, sai an jiƙa shi a ruwan zafi ko an ɗan kankare bayansa kafin ya tsiro. Haka magarya: akwai mai aure wadda 'ya'yanta suka ninka na daji girma, tana haihuwa da wuri, ba ta cin fili, ba ta neman ruwa. Ƙaya ce kawai sai an yi hankali da ita inda yara ke wasa.

Masu cewa itatuwanmu ba su da ado ba su shiga daji da rani ba. Marga tana sako furanni rawaya zara-zara kamar an rataya sarƙa. Minjirya ja wur take yi lokacin da komai ya bushe, kuma reshenta ake kafawa, shi ya sa ake shinge da ita. Gurjiya ma ja, sansami ruwan hoda. Marga da minjirya ba su da girman da zai tsorata mai ƙaramin gida, kuma su zan sa a gurbin maskared. A jikin katanga, aduruku yana tashi siriri ya miƙe ba ya cin wuri. In shinge gajere ake so a riƙa aske shi, lallen ƙunshi ya fi waɗancan 'yan kore-da-rawaya da ake sayarwa, waɗanda kwana kaɗan ba ruwa sai su yi yaushi. Kariya tana cikin tukwanen masu sayar da fure, sau da yawa da sunan Turanci da farashin baƙuwa, alhali 'yar arewa ce. Tana son rana, ba ta son ruwa ya kwanta mata, kuma ruwan jikinta dafi ne, a nisanta ta da yara.

Ciyawa a taƙaice: shimfiɗaɗɗiyar nan mai faɗin ganye sai mai bohol. Wanda ke sayen ruwa a jarka ya nemi kiri-kiri. Za ta bushe da rani ta koma ruwan ƙasa, ruwan farko ya sauka ta farfaɗo. Inda ruwa ke zaizayar gangare, a jera jema.

Yanzu ga wurin ciniki. Kowa idonsa na kan dashen da ya fi tsawo, shi ne kuma ya fi tsada, alhali sau da yawa shi ne mafi rauni. Ɗaga ledar. In ta ƙi tasowa, saiwa ta huda ta shiga ƙasa, kuma da an fizge an tsinke uwar saiwar, wadda ita ce dukiyar itacen ƙasa. In ta taso, taɓa gindinta: dashen da ya daɗe a ƙaramar leda saiwarsa ta naɗe kamar gammo, ko ka dasa haka za ta ci gaba da zagaye kanta, wata rana iska ta kwantar da shi. Nemi wanda bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba, kara mai kauri, kai guda ɗaya, wanda aka saba masa da rana ba wanda ke ɓoye a inuwa ba. In an ce maka mai aure ne, ka ce, "Malam, nuna mini wurin auren." Tabon haɗin yana nan a ƙasan kara, in babu shi, na ƙwallo ne aka sa masa kuɗin mai aure.

In ba ka sami abin da kake nema a bakin titi ba, ka ba mai reno ajo tun da rani ya tanadar maka, da yawansu za su yi in sun ga kuɗin kafin alƙalami. Kwalejin gandun daji ta tarayya da ke Afaka ma wuri ne da ya dace a yi tambaya. Wanda zai tsinto iri da kansa ya tuna cewa ƙwallon kaɗanya da irin madaci ba sa jure ajiya, sabo-sabo ake shuka su.

Kada ruwan farko na Afrilu ya ruɗe ka. Jira damina ta zauna, Yuni zuwa Yuli, yadda dashen zai sami wata uku ko huɗu yana sha kafin ruwa ya ɗauke. Ramin ya kai rabin mita faɗi da zurfi, a kwashe ɓaraguzan gini, in an ci karo da marmara a fasa ta, in ba haka ba ka dasa itace a tukunya ne ba ka sani ba. Taki ya zama ruɓaɓɓe, ɗanye gara yake kira. A yaga ledar a cire ta gaba ɗaya. Ranin farko ko ɗan ƙasa ne sai an taimaka masa da bokiti guda sau biyu a mako, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa ba tare da ta taɓa karan ba. In a waje ne, ka sa kuɗin keji cikin lissafi tun farko, don akuyar unguwa ba ta san dashe mai tsada ba, kuma ka tuntuɓi KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, kafin ka haƙa a gefen babban titi.

A gurbin masu laimar nan biyu da na sare, tsamiyar Hajiya ce a tsakiya, marga ɗaya a kusurwar gabas, sai aduruku bakwai a jikin katangar yamma inda rana ke dukan ɗakin yara. Kanya biyu suna leda a bayan kicin, ina jiran Yuni in kai su filin makarantar allon unguwarmu, malam ya ce almajirai za su riƙa ba su ruwan alwala.