Masu zanen da suka fasa min bangon kicin: nawa na yaba, nawa na kushe

Tun da na sa hoton falonmu a status mutane ke ta damuna a ba su lambar waɗanda suka yi aikin, to ni dai ba zan saki lambar kowa a nan ba, kuma ba zan kama suna ba, amma bari in faɗi yadda muka kwashe da su saboda wadda ke shirin fasa bango ta san inda za ta sa ƙafa.

Gidanmu bene ne a Kano, tsohon gini, mun saye shi a hannun magada. Ƙasan irin yankan da ne, falo doguwa, sai wani ɗan tsukukun ɗakin cin abinci da ba mai shiga sai ƙura, sai kicin can a lungu da taga ɗaya kamar ta kurkuku, ko da azahar sai ka kunna fitila kafin ka ga gishiri. Ni abin da ya dame ni kenan, duhu, da kuma yara, ina ciki ina girki ba na jin motsinsu sai dai in ji ƙarar faɗuwar wani abu. A Instagram na ci karo da wasu matasa masu zanen gida, akitek ɗaya, wato mai zana fasalin gini, da injiniya ɗaya da ma'aikatansu, hotunansu kamar ba a ƙasar nan ba. Na nuna wa Abban yara, ya ce ke dai kin fiye gani-ga-wane, amma ya yarda aka kira su.

Zuwan farko sun burge ni, ba ƙarya. Sun zo kan lokaci, sun auna ko'ina, bayan kwana biyar akitek ɗin ya dawo da laftof ya nuna mana gidan kamar an riga an gama, har da kwanon lemo a kan kanta. Shawararsa a rushe bangon da ya raba kicin da wurin cin abinci, a rushe wanda ya raba da falo, komai ya zama fili ɗaya, a dasa doguwar kanta a tsakiya da kujeru masu tsayi. Yana ta cewa Hajiya ai yanzu haka ake yi, kina girki kina hira da baƙinki. Ni kuma da zuciya ta riga ta tafi ban tsaya na tambayi kaina waɗanne baƙi ba.

Inda zan ba su cikakken maki shi ne wajen injiniyan. Birkilan da muka saba da shi ya riga ya ce mana ai guduma kawai za a sa kwana biyu an gama, shi kuwa bawan Allahn nan ya ce ba mai taɓa bulo ko ɗaya sai ya san me ke ɗauke da dekin. Ya hau sama ya duba ina bangayen sama suka zauna, ya sa aka ɓantare filasta a wurare uku. Ashe bangon wurin cin abinci bulo ne inci 6, shamaki ne kawai, amma na falo inci 9 ne kuma akwai ginshiƙi a cikinsa, kai tsaye a ƙarƙashin ɗakin yara. Da mun bi ta birkila da yanzu wani labarin ake. Sai da aka tokare dekin da ƙarafuna, aka zuba sabon bim, wato dogon kankaren da ke ɗaukar nauyin deki, da rodi mai kaurin milimita 16, aka bar kankaren ya sha ruwa ya kama sosai kafin a cire tokaran, ginshiƙin kuma aka bar shi a inda yake aka lulluɓe shi da katako ya zama kamar ado. Injiniyan ne kuma ya nace a nemi izini a KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, tun da an taɓa ƙashin ginin, kuma da Abban yara ya tambayi rajistarsa ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, bai yi fushi ba, a take ya nuna. Rodi da tayil a Ƙofar Ruwa muka saya, shi ya raka maigida, ya hana a cusa mana rodin da bai cika kauri ba. Tukunyar gas ma ya fitar da ita waje cikin keji aka jawo bututu, ya ce gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, kuma fili ɗaya da falo ga yara suna birgima a kafet, ba zai sa hannu a bar ta ciki ba. Wannan kam Allah ya saka masa.

Sun ce sati shida, sai da muka yi sha ɗaya, muna girki a gareji. Tayil ɗin kicin da na falo ba su zo daidai ba, akwai ɗan tudu a mahaɗar da har yau baƙo sai ya yi tuntuɓe. Na bar wannan, duk mai gini ya san hali.

Satin farko ina ta yawo a ciki kamar amarya. Haske ko'ina, iska na ratsawa daga tagar falo har ƙofar baya, ina yanka albasa ina ganin autana yana aikin makaranta. Ranar da na fara soya attaruhu da manja aka gane kuskure. Gida gaba ɗaya ya ɗau atishawa, maigida da ke kallon labarai ya fita tsakar gida yana hawaye. Na'urar zuƙe hayaƙin da suka sa ashe ba mai fitar da shi waje ba ce, irin mai tacewa ta dawo da iskar ciki ce, kuma ko ita ɗin in an ɗauke wuta ai ta zama hoto. Labule, kujeru, dardumar salla, komai ya koma ƙanshin daddawa. Ni da nake kashe kuɗi a turaren wuta ɗan Maiduguri sai ga shi yana kokawa da miyar kuka, kuma kukar ke kayarwa. Bilenda in na kunna ba mai jin maganar wani. Da hunturu ya shigo, buɗaɗɗun kantocin nan da suka yi kyau a laftof kullum sai an wanke faranti kafin a ci a ciki.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan azumi. Abban yara mutum ne mai jama'a, kusan kullum abokansa da ƙannensa a gidan suke shan ruwa, kuma falo ɗaya ne a ƙasa. Ka ga mace tsaye gaban kaskon ƙosai cikin zurmemen hijabi a zafin Kano, gumi har cikin ido, su ma mazan sun takura kowa ya sunkuyar da kai kamar masu zaman makoki. Tuwo kuwa ba a tuƙa shi a tsaye a kan kanta mai santimita 90, yana son kujera 'yar tsuguno da tukunya a ƙasa ka danne ta ka ja muciya, ni kuma ba zan baje a gaban baƙi ina nishi ba. Hajiyar maigida da ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo, sai ta ce min, ke 'yar nan, yanzu madafi kuka kawo zaure? Ta ce a gidan da ta tashi a cikin birni baƙo namiji iyakarsa zaure, in ya matsa ƙwarai shigifa, hayaƙi kuwa yana can ƙuryar tsakar gida. Na ce Hajiya zamani ne. Ta ce to zamani ya zo ya wanke miki labule.

Babban ƙorafina a kansu kenan, kuma na faɗa wa akitek ɗin ido da ido. Ya auna kowane lungu na gidan amma bai taɓa tambayata me nake dafawa ba, su wa ke shigowa, mutum nawa nake ciyarwa ran Juma'a. Shi ɗan gari ne fa, a tuwo ya girma, ya san duk wannan, kawai hoton da zai ɗora a shafinsa ya fi tsaya masa a rai. Laifina ni ma yana nan, ni na kai musu hoton ƙasar waje na ce irin wannan nake so, amma ai dalilin biyan gwani kenan, ya ce miki Hajiya tsaya tukuna.

Bai yi gardama ba, wannan ma na ba shi. Sun dawo bayan salla suka sa ƙofar alminiyon mai turawa gefe, gilashinta mai dishi-dishi, daga ginshiƙin har bango, haske na wucewa amma ba a gane mutum. Suka huda bango suka fitar da bututun hayaƙi waje, abin da ya kamata a yi tun farko. A baya kuma ta wajen sito aka yi min ɗan kicin na biyu, rufin kwano, daɓen siminti, famfo ɗaya da wurin murhun gawayi, can nake tuwo da suya da duk wani abu mai yaji. Kuɗin zane ba su sake karɓa ba, amma kayan aiki da lebura daga aljihunmu, kuma ba kaɗan ba.

In maki ake so, injiniya tara cikin goma, zane biyar, cika alƙawarin lokaci huɗu. Wadda gidanta ke da falo biyu, na maigida daban mai ƙofarsa ta waje, za ta iya buɗe kicin ɗinta da falon mata ta ji daɗinsa, a nan zan ce ta kira su. Mai falo ɗaya irina ta sa ƙofar a cikin zane tun ranar farko. Tawa yanzu a buɗe take daga safe har la'asar, da na ji tsayuwar mota a waje sai in ce wa auta ja ƙofa. Dogayen kujerun nan huɗu kuwa, biyu suna sito, ɗaya mage ta mallake ta.