August Rush: Kiɗan ya yi daɗi, amma labarin bai biya kuɗin hawayen da yake nema ba

August Rush ya fito a Amurka a watan Nuwamba na 2007. Kirsten Sheridan ce ta ba da umarni, Nick Castle da James V. Hart suka rubuta shi, tsawonsa bai cika awa biyu ba. Har yau mutane na nemansa saboda guntun bidiyon nan na yaro yana dukan jita da hannu bibbiyu. Sai dai da yawa cikin waɗanda suka zauna suka kalle shi daga farko har ƙarshe suna tashi da ƙorafi iri ɗaya: kiɗa ya tashi, kyamara ta matso kan fuskar yaro, an shirya komai don a yi kuka, hawayen kuma suka ƙi zuwa. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma ana iya ɗora yatsa a kan wuraren da ɓarakar take.

Labarin a taƙaice. Lyla, wadda Keri Russell ta fito a matsayinta, gwanar celo ce, babban gogen nan da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. Louis, wato Jonathan Rhys Meyers, mawaƙi ne ɗan Ailan mai kaɗa jita. Sun haɗu dare ɗaya a New York, aka raba su, ta samu ciki. Mota ta buge ta, ta haihu a asibiti, mahaifinta ya ce mata jaririn bai rayu ba, alhali ya sa hannun bogi a takarda ya miƙa shi ga hukuma. Yaron, Evan, wanda Freddie Highmore ya fito a matsayinsa, ya shekara 11 a gidan marayu yana da yaƙinin cewa idan ya yi kiɗa iyayensa za su ji su zo. Ya gudu zuwa New York, ya faɗa hannun wani mutum da ake kira Wizard, wato Robin Williams, wanda ke tara yara a wani tsohon gidan wasa yana tura su kiɗa a titi yana karɓe kuɗin. Shi ya laƙaba masa suna August Rush.

Akwai abin yabo, kuma ba kaɗan ba. Fitowar da yaron ya fara shiga birni ita ce mafi kyau a fim ɗin: ƙarar hon, ƙugin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, takun mutane, duk an jera su a hankali har suka zama kiɗa ɗaya mai tafiya da ƙa'ida. Masu haɗa sauti sun yi aiki a nan, domin sun sa mai kallo ya ji duniya da kunnen yaron ba tare da wani ya tsaya bayani ba. Kiɗan da Mark Mancina ya tsara yana da dabara, ya warwatsa ƙananan sautuka a cikin fim ɗin sannan ya tattaro su a babban kiɗan ƙarshe. Haɗa celon Lyla tana kaɗa aikin Elgar, marubucin kiɗa ɗan Ingila, da waƙar Louis a wani dandamali dabam, ana yanka daga wannan zuwa wancan, shi ma ya zauna daram. Rhys Meyers da muryarsa ya yi waƙoƙinsa. Waƙar mawaƙan cocin Harlem, wadda ƙaramar yarinya Jamia Simone Nash ta ja, har ta shiga takarar Oscar a 2008.

Matsalar tana farawa ne ranar da yaron ya taɓa jita karon farko.

Ya tashi da sassafe, ya tarar da jitar Wizard, bai taɓa riƙe irinta ba. Ya shiga bugun tsirkiyoyin da tafin hannu da kan yatsu, cikin ɗan lokaci sai ga kiɗa cikakke mai sauri da tsafta. Salon na gaske ne, Michael Hedges na cikin waɗanda suka yi fice da shi a shekarun 1980. Amma duk wanda ya san jita ya san abin da salon ke buƙata. Jita tana da tsirkiya 6, kuma a saitin da aka saba, E, A, D, G, B, E, idan ka doke su gaba ɗaya ba tare da danne komai ba, sauti ne mai dagulewa zai fito. Kafin duka ɗaya ya ba da sauti mai jituwa sai an sake ɗaure tsirkiyoyin, an sassauta wasu an ƙara wa wasu ƙarfi. Sautin nan mai kama da ƙararrawa da ake ji yana fita ne idan yatsa ya sauka daidai kan gaɓa ta 12 cikin gaɓoɓin ƙarfen da ke jere a wuyan jita, wato tsakiyar tsirkiya cif, ko ta 7, ko ta 5, ya kuma ɗaga nan take. Ka kauce da 'yan milimita, ko ka bar yatsan ya daɗe, sai ka ji dum kawai. Ga kuma zafin tsirkiyar ƙarfe: sabon ɗalibi yakan yi makonni kafin kan yatsunsa su yi kanta, kafin nan minti 15 ma azaba ce. Hannuwan da kyamara ke nunawa kusa a irin waɗannan fitowa na Kaki King ne, makaɗiyar da aka haifa a 1979, wadda ta fara jita tun tana 'yar ƙarama. Abin da mai kallo ke ji aikin shekaru sama da 20 ne, fim ɗin kuma ya ce aikin safiya ɗaya ne.

Da abin ya tsaya nan da an yafe, domin duka da bugu abu ne da yaro mai kunne zai iya lalubowa, ko da ba da wannan tsaftar ba. Inda aka wuce gona da iri shi ne coci. Hope, yarinyar cocin da Jamia Simone Nash ta fito a matsayinta, ta nuna masa layuka biyar na rubutun kiɗa da sunayen alamomi, ta tafi makaranta, ta dawo ta tarar ya cika takardu. Daga nan ya hau babban ogan na coci, mai jerin madannai na hannu, da wasu na ƙafa, da maɓallan zaɓen murya, ya kaɗa shi kamar tsohon hannu. Bayan 'yan watanni a makarantar koyon kiɗa ta Juilliard ya rubuta kiɗan da babbar ƙungiyar makaɗa ta New York za ta kaɗa a Central Park, shi ne kuma zai riƙe sandar jagora.

A nan akwai bambancin da marubutan suka tsallake, kuma shi ne ginshiƙin dukan ƙorafin. Kunne baiwa ce, ana iya haifar yaro da shi. Akwai yaran da za su ji sauti su faɗi sunansa, ko su ji waƙa sau ɗaya su maimaita ta a fiyano. Rubutun kiɗa kuwa yarjejeniya ce da mutane suka ƙulla a tsakaninsu cikin ɗaruruwan shekaru, ba a jin ta a iska ko a cikin ciyawa. Kilarinet, wani abin busa, irin da aka fi amfani da shi yana fitar da sauti mataki ɗaya cikakke ƙasa da abin da aka rubuta masa, don haka dole marubuci ya ɗaga masa rubutun. Ƙahon Faransa yana sauka mataki uku da rabi. Biyola tana da nata mabuɗin rubutu dabam da na biyolin, ko da yake dukansu gogen Turawa ne. Biyolin ba ta iya sauka ƙasa da G, komai son marubuci. Masu busa suna buƙatar gurbin numfashi, idan ba a bar musu ba layin zai karye a tsakiya. Idan aka sa kayan busa na tagulla suka yi ƙara a daidai inda sarewa ke ɗauke da waƙa, sarewar ta nutse ke nan. Makaɗa 80 ko fiye, kowane rukuni da takardarsa. Waɗannan abubuwa sai an koya wa mutum, ya rubuta, a kaɗa masa, ya ji inda ya lalace, ya goge ya sake. Jagoranci ma haka: a kiɗa mai bugu huɗu hannu yana sauka ƙasa, ya yi hagu, ya yi dama, ya tashi sama, kuma ɗagawar da ke zuwa kafin bugun farko ita ke gaya wa makaɗa saurin da za su ɗauka da lokacin jan numfashi. Abin da yaron ke yi a kan dandamali lilo ne da hannuwa yana murmushi.

Fim ɗin yana jingina kansa da Mozart, shahararren marubucin kiɗan Turai da ya fara tun yana yaro, to a duba Mozart ɗin. An haife shi a 1756, shekarar da mahaifinsa Leopold ya wallafa littafin koyar da biyolin da ya yi suna a Turai. Ya tashi a gidan da ake koya wa yayarsa Nannerl madannai kullum. Ƙananan kiɗe-kiɗensa na farko, yana ɗan shekara 5, mahaifin ne ya rubuta su da hannunsa. Babban kiɗansa na farko na ƙungiya ya zo a Landan a 1764, yana da shekara 8, bayan shekaru na darasi da yawon ƙasashe, kuma an rubuta shi ne don ƙaramar ƙungiya: obo biyu, wato wani abin busa mai kama da algaita, ƙaho biyu, da masu goge. Ko wanda duniya ke kafa misali da shi sai da ya yi zaman koyo.

Wani zai ce ai tatsuniya ce, kuma fim ɗin da kansa ya faɗi haka tun a farkonsa. Gaskiya ne, kuma tatsuniya ba laifi ba ce. Amma mai kallo yana kuka ne don abin da ya ga an sha wuya a kansa. Da an ba mu minti uku kacal na yaron yana ƙoƙarin danne tsirkiya tana ƙin fita, yana tsotsar yatsa, ko malami a Juilliard ya mayar masa da takarda ya ce ƙaho ba zai iya busa wannan ba, da daren Central Park ya zama nasara. Tunda bai taɓa kuskure ba ko sau ɗaya, babu fargabar da za ta riƙe zuciyar mai kallo. An san zai iya tun kafin ya ɗaga hannu. Highmore yaro ne mai iya wasa, wanda ya gan shi a finafinansa na 2004 da 2005 ya san haka, amma a nan an ba shi fuska ɗaya ce: ɗaga kai sama, lumshe ido, murmushi.

Sauran ramukan labarin ba sa buƙatar dogon bayani. Juilliard tana da sashen yara, amma sai da gwajin shiga da takardu da sa hannun waliyyi, ga shi an karɓi yaron da hukuma ke cigiya, da sunan da aka tsinto a jikin mota. Wizard ya shigo ana tsakiyar gwajin kiɗan Central Park ya ce shi ne ubansa, ya tafi da shi, manya cike da ɗaki suna kallo. Louis ya shekara 11 bai nemo matar da sunanta ke kan takardun tallan wasanni ba. Lyla ta koma kiɗa, sai aka gayyace ta wasa a dandamali ɗaya, dare ɗaya da ɗanta. Louis yana cikin mota, sai ya hango sunanta a jikin tuta. Labari yana ɗaukar katari ɗaya, ko biyu idan an yi dabara. Wannan kuwa kowace gaɓarsa katari ce, har mai kallo ya daina tambayar me zai faru ya koma lissafin saura minti nawa.

Wizard ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin a nan aka yi asarar babban ɗan wasa. An gina shi a kan Fagin na littafin Oliver Twist, mai tara yara yana tura su sata, kuma Williams ya ba shi wani abu na gaske: mutum ne da shi ma ya san kiɗa, titi ya cinye shi, yana son yaron yana kuma son kuɗin da zai kawo. Amma rubutun bai yanke shawara a kansa ba. A wannan fitowa malami ne mai magana a kan taurari, a ta gaba azzalumi ne mai tsawa, babu gadar da ta haɗa biyun. Jami'in kula da walwalar yara, wanda Terrence Howard ya fito a matsayinsa, shi ne mutum ɗaya da ke yin abin da mai hankali zai yi, kuma shi aka fi ba ƙaramin lokaci.

Sai ƙarshen, wanda ya fi ɓata wa mutane rai. Kusan awa biyu ana yi wa mai kallo alkawarin abu ɗaya, haɗuwar uwa da uba da ɗa. Iyayen suka ratso taro, suka tsaya a gaba, suka riƙe hannu. Yaron ya juyo ya gan su, ya yi murmushi, fim ya ƙare. Babu runguma, babu kalma ɗaya. Ana iya fahimtar niyyar darakta, tana so kiɗan ya yi magana a madadin baki. Irin wannan kamewa tana aiki a fim ɗin da ya kame kansa tun farko. Wanda ya yi ta zuba zuma tun minti na farko, idan ya zo ya hana cokali na ƙarshe, mai kallo zai ji an yi masa rowa ne. Ga tambayoyin da aka bari a rataye: Louis bai ma san yana da ɗa ba sai dai ya yi hasashe, kuma fitowar da ya yi kiɗa da yaron a Washington Square, suna musayar jita ba tare da sun san juna ba, ta fi wannan rufewar taɓa zuciya nesa ba kusa ba.

Wanda ke son kiɗan ya nemi faifan waƙoƙin fim ɗin, ya saurari na Kaki King da na makaɗin jita Heitor Pereira da babban kiɗan ƙarshe na Mancina, zai samu mafi yawan abin da ke da daraja. Wanda zai kalla da yara ya sani cewa fitowar Wizard tana da tsawa da barazana da za su iya tsorata ƙanana. Idan kuma yaro ya tashi daga kallon yana son jita, a fara masa da ƙarama, mai rabin girma ko kashi uku cikin huɗu, mai tsirkiyar roba don ta fi sauƙi a yatsu. A sa wanda ya sani ya duba tazarar tsirkiya da wuyan jitar, kada ta wuce milimita 3 zuwa 4 a gaɓa ta 12, domin mai tsayi tana karya gwiwar ɗalibi. Minti 15 zuwa 20 a kullum ya fi awa biyu a ƙarshen mako. A kuma gaya masa tun ranar farko cewa hannuwan da ya gani a fim ɗin na babbar mace ce da ta shekara 20 tana koyo, kuma watan farko tsirkiya za ta yi ta zizar banza kafin ta fara ba da sauti mai tsafta.