Bututun iska ko fanka a ɗakin injin jirgin ruwa mai shan fetur, wanne ya fi?

Salam 'yan'uwa. Ɗan'uwanmu ya yi tambaya jiya cewa jirginsa injin fetur ne a ciki, a rufaffen ɗaki, kuma akwai bututun iska guda biyu, shin sun wadatar ko dole sai ya ƙara fanka mai zuƙe iska? Malam ga yadda abin yake.

Matsalar fetur ita ce tururinsa ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama ya watse. A mota in fetur ya ɗiga, ƙasa a buɗe take, iska ta kwashe. Jirgi kuwa kamar kwano yake, tururin sai ya gangara can kwarmin da ruwa ke taruwa ya kwanta. Kuma ba sai ya yi yawa ba, ya kai wajen kashi 1.4 cikin 100 na iskar wurin to tartsatsi ɗaya daga sitata ko wayar batir ya isa ya tarwatsa jirgin.

Bututun iska dai ba ruwansa da batir, ba ya lalacewa sai dai ya toshe ko ya yage. Ɗaya na shigo da iska, ɗaya na fitarwa, kowanne da bakinsa a waje. Amma fa sai jirgi na tafiya ko iska na kaɗawa yake aiki sosai. Ka ɗaure jirgi a bakin ruwa, ya kwana, ba iska, fetur na ɗiga kaɗan-kaɗan daga tiyo ko kafireta, bututun nan kusan ba abin da yake tsinanawa, alhali wannan lokacin ne kai kuma za ka zo ka murɗa makulli.

Nan fanka ta sha gabansa. Ita ba ta jiran iska, kana kunna ta za ta zuƙo daga ƙasa ta watsar waje. Raunin ta shi ne tana cin batir, fiyus na iya ƙonewa, mutum na iya mantawa da ita, kuma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne tiyonta ya zare ko ya huje, kana jin ƙararta tana ta juyi amma iskar sama kawai take ja, tururin na nan kwance a ƙasa. Ni dai in na kunna sai na sa tafin hannu a bakin da take fitarwa na ji iska na buguna tukunna, amma wannan kaɗai ba ya nuna cewa daga ƙasa take jan iskar, sai an duba tiyon. Kuma don Allah kar a sa mata fankar da aka samu kawai, sai irin wadda aka ƙera a rufe yadda tartsatsinta ba zai fito ba, in ba haka ba maganin ne zai zama cutar.

Dokar Amurka ta raba gardamar tuntuni. Jiragen da aka ƙera daga 1940 zuwa ƙarshen watan Yuli na 1980 an yarda musu da bututu biyun nan. Wanda aka ƙera bayan 31 ga Yuli 1980, in injin fetur ne mai sitata a rufaffen ɗaki, dole fanka, kuma bututun iskar ma yana nan ba a ɗauke shi ba. Bakin tiyon fankar dole ya sauka cikin kashi ɗaya bisa uku na ƙasan ɗakin, amma sama da inda ruwa ya saba taruwa don kar ya nutse. Har gargaɗi ake liƙawa kusa da makulli, cewa a bar fanka ta yi minti 4 kuma a duba ko akwai tururin fetur kafin a tayar da inji. Masu buɗaɗɗen jirgi da injin da ake maƙalawa a baya, wannan maganar fankar ba ta hau kansu ba.

Don haka ɗan'uwa in ka tambaye ni, ka sa fankar ko da jirginka tsohon ƙira ne, ka kuma bar bututun a buɗe, kar a cusa tsumma wai don ruwa na fantsamowa. Lokacin zuba mai ka kashe komai har fankar, ka rufe ƙofofi, in ka gama sai ka buɗe, ka kunna ta minti 4, ka durƙusa ka sa hanci cikin ɗakin injin ka shinshina. In ka ji warin fetur kar ka taɓa makulli, domin fanka tururi take ja, ba ta kwashe fetur ɗin da ya zuba, muddin yana kwance a ƙasa zai yi ta tururi sabo har sai ka nemo inda yake yoyo ka gyara ka goge wurin tas.