Littattafan da Ake Saya Feji-Feji a Waya: Wanne Ya Cancanci a Biya Tun Bai Kammala Ba?

Yawancin ƙagaggun labaran Hausa da ake karantawa yanzu ta waya suke zuwa. Marubuciya, don mata ne suka fi yawa a harkar, takan saki fejin farko zuwa na goma ko na ashirin kyauta a WhatsApp, Facebook ko Wattpad. Idan labari ya kama mutane sai ta rufe, ta ba da lambar asusu. Ka tura kuɗi, 'yan ɗaruruwan naira ko dubu da wani abu, ka aika da shaidar biya, a saka ka a zauren masu biya, kullum ko bayan kwana biyu feji ɗaya ya sauka. Abin da mai saye ba ya cika lura da shi shi ne, sau da yawa littafin da ya biya ba a gama rubuta shi ba. Ana taifin ne, wato ana buga rubutun a waya, ana sakinsa feji-feji. Wannan tsari bai yi wa kowane irin labari daidai ba. A karatuna, labarin zamantakewa yana jin daɗinsa, labarin yaƙi da tsafi yana jure masa da ƙyar, labarin bincike kuwa, wato na gano wanda ya aikata laifi, shi ne ya fi cutuwa, kuma shi ne na fi jin takaicin ganin an ɓata.

Dalilin a fili yake. Labarin bincike daga ƙarshe ake gina shi. Kafin a rubuta layin farko dole marubuci ya san wa ya yi kisan, da me, ƙarfe nawa, me ya sa, kuma wace ƙarya kowane wanda ake zargi zai yi. Daga nan ne zai koma baya ya binne alamu a fejin farko-farko, inda mai karatu zai gan su ya wuce bai ankara ba. Wanda yake rubutu yau ya saki yau ba shi da damar komawa feji na 7 ya ajiye wata alama da sai a feji na 60 ya gane yana buƙatarta. Sakamakon haka iri uku ne, kuma na sha cin karo da dukkansu. Ko dai a ƙarshe a jawo wani baƙo da ba a taɓa ambata ba a ce shi ne makashi, ko mai laifi ya kwanta ciwo ya tona wa kansa asiri, ko kuma a kai maganar wurin malamin duba ko a nuna wa jaruma a mafarki. Tun 1929 wani limamin coci ɗan Ingila mai suna Ronald Knox ya tsara ƙa'idoji goma na irin wannan labari, kuma biyun farkonsu nan suka dosa: mai laifi ya zama wanda aka ambata tun farkon labari, kuma kada a warware matsala da abin da ya fi ƙarfin hankali. Ba dole ne marubucin Hausa ya bi ƙa'idar Bature ba, amma mai karatun da ya kwashe makonni yana harhaɗa zato yana da haƙƙi, kuma mafarki ba ya biyan wannan haƙƙin.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ƙasar Hausa tana da kayan aikin bincike da ba kowace ƙasa ke da su ba, amma sai a bar su a kwaikwayi fim ɗin waje. A nan mutum ya rasu da safe, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kuma iyalai da yawa ba sa yarda a yanka gawa don bincike. Ke nan babu dogon rahoton likita da jami'i zai dogara da shi. Wa ya ga jikin mamaci da kyau? Wanda ya yi masa wanka. Tsohuwar da ta wanke gawar amarya ta ga shatin yatsu a wuya, ko ta ji muƙamuƙi da wuya sun riga sun sandare alhali an ce yanzun nan ta cika, ita ce babbar shaida. Sandarewar gawa takan fara ne kamar awa biyu zuwa shida bayan mutuwa, daga muƙamuƙi da wuya ta gangara, ta game jiki a wajen awa goma sha biyu, zafi kuma yana gaggauta ta. Wannan kaɗai ya isa ya rushe ƙaryar wanda ya ce ya bar ta da rai bayan sallar asuba. Haka lokutan salla agogo ne da kowa ke riƙe da shi. Wanda ya ce yana masallaci lokacin isha'i, wa ya tsaya kusa da shi a sahu? Wace sura liman ya karanta? Ƙarfe nawa aka ɗauke wuta a unguwar, kuma ta yaya maƙwabciya ta ga fuskar mutum a soro in babu wuta? Ga mai gadi, ga mai shayin bakin layi, ga ɗan adaidaita, ga saƙon banki da ke nuna minti da sakan. Marubucin da ya yi amfani da waɗannan, ko da rubutunsa bai da ado, nakan bi shi har ƙarshe.

Sai maganar guba, wadda kusan kowane labarin kishiya ke ɗauke da ita. Ana yawan rubuta cewa an zuba fiya-fiya a shayi mutum ya shanye bai ji komai ba, ya yi barci bai farka ba. Wannan maganin ƙwari warinsa yana da ƙarfi ƙwarai, kuma wanda ya sha shi ba ya tafiya shiru: dalalar yawu, gumi, amai, numfashi da ƙyar, ƙwayar ido ta tsuke. Duk ma'aikaciyar jinya da ke cikin zauren masu karatu ta san haka, kuma daga wannan fejin ta daina yarda da marubucin. Haka ɓangaren hukuma. Ƙarar kisa takan fara a ofishin 'yan sanda na yanki, a miƙa ta sashen binciken manyan laifuka na jiha. Kotun majistare ba ta yanke hukuncin kisa, tsare wanda ake tuhuma take yi a jira shawarar ma'aikatar shari'a, sannan a gurfanar da shi gaban babbar kotu. Bayan hukunci akwai ɗaukaka ƙara, kuma ba a zartar da kisa sai gwamna ya sa hannu. Labarin da alƙali ya yanke hukunci a zaman farko aka rataye mutum bayan mako guda ya zubar da abin da zai iya cika feji ashirin masu daɗi: jiran iyali, matsin lambar dangi a janye magana, shaidar da ta canja baki.

Labaran yaƙi da tsafi tushensu ya daɗe a adabinmu. Gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma dukkansu akwai tafiya mai nisa da aljanu a ciki. Masu rubuta irinsu a waya yanzu sun gaji wannan, sun haɗa da abin da suka gani a fina-finan Indiya da na Sin. Daɗin da nake ji a nan daban yake da na bincike. Ba na neman gano komai, so nake a kai ni wata duniya in yarda da ita. Kuma abin da ke sa a yarda da tsafi a labari shi ne iyakarsa. Bahaushe ya riga ya san kowane asiri da sharaɗinsa da makarinsa. Layar zana tana ɓatar da mutum, baduhu yana rufe idon mai nema, sagau yana sandarar da hannun da ya ɗaga makami, ɗan tauri ƙarfe ba ya cin sa, amma kowanne akwai abin da in mai shi ya taka, ya karye. Idan aka faɗa mini a feji na 5 cewa zoben jarumi ba ya aiki in ya taɓa jini, to duk yaƙin da zai shiga zuciyata tana bugawa. Matsalar rubutun kullum ita ce masu karatu suna neman abin mamaki a kowane feji, sai marubuci ya yi ta ƙara wa jarumi ƙarfi. Yau ya kashe dakaru dubu, gobe dubu ɗari, jibi ya tashi sama. Kafin littafi na biyu babu sauran abin da zai iya cutar da shi, tsoro ya ƙare, karatu ya zama ƙirga gawarwaki.

Lissafi ma yana da muhimmanci ko a duniyar ƙirƙira. Doki yakan sha lita 20 zuwa 40 na ruwa a yini, fiye da haka in ana zafi. Rundunar dawaki 100,000 tana buƙatar wajen lita miliyan uku kullum, ban da na mahaya. In aka ce sun ratsa hamada kwana arba'in ba a ambaci rijiya ko ɗaya ba, labarin ya yi rauni. Ayarin raƙuma kuwa abin da yake ci a yini bai cika wuce kilomita 30 zuwa 40 ba. Marubucin da ya san haka yakan samu labari daga ƙishirwa kanta. Ina kuma jin daɗi ƙwarai idan na ga sulke da lifidi da kwalkwali, kwari da baka, Madawaki da Barde da Sarkin Yaƙi, ganuwa da ƙofofinta, maimakon sunayen birane da sarakuna da aka ƙaƙalo masu kama da Larabci ba Larabci ba. Birnin Jangare na 'yan bori, da gidajensa da sarautunsa, ya ishi mai hikima ya ga yadda kakanninmu suka tsara duniyar ɓoye da tsari, ko da ba zai taɓa shi kai tsaye ba.

Labarin zamantakewa shi ne wannan tsari ya karɓa. Rayuwar gidan aure da ma a hankali take tafiya, yau faɗa gobe shiri, don haka feji ɗaya a yini ya yi daidai da numfashinta. Sharhin da mata ke yi a zaure bayan kowane feji wani ɓangare ne na daɗin, har wani lokaci muhawarar ta fi fejin armashi. Mafi kyawunsu suna kama abin da ba a faɗa: yadda uwargida ke miƙa wa amarya makullin kicin ba ta kalle ta ba, ko yadda uba ke yin shiru in an ambaci kuɗin kayan ɗaki. A nan ne marubutan waya suka fi gwaninta, kuma ina ganin wasunsu sun kai duk wani yabo da aka yi wa marubutan littattafan da ake bugawa ana sayarwa a kasuwar Kano a shekarun 1990.

Inda suke tuntuɓe shi ne abin da tambaya ɗaya za ta gyara. Gado misali. Mutum ya rasu ya bar mata biyu, ɗa namiji ɗaya, 'ya'ya mata biyu, iyayensa sun riga shi, dukiya naira 8,000,000 bayan an biya bashi babu wasiyya. Matan biyu tumuni ɗaya za su raba, wato 1,000,000, kowace 500,000. Ragowar 7,000,000 a kasa huɗu, namiji ya ɗauki 3,500,000, kowace mace 1,750,000. Amma sai ka ga an ba kowace mata tumuninta daban, ko an ce mamaci ya rubuta wa amarya dukiyarsa duka kuma kotu ta amince, alhali wasiyya ba ta wuce sulusi kuma ba a yin ta ga magaji. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, mai ciki kuwa sai ta haihu. Ma'aurata masu nau'in jini (jinotayif) AS da AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin ɗari na zuwa da sikila, ba wai ɗa na huɗu ne zai zo da ita ba kamar yadda ake yawan rubutawa. Wannan kuskure yana da haɗari, don akwai masu ɗaukar abin da suka karanta a labari a matsayin ilimi, ga shi tun 2024 jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Karatun likita shekara shida ne a Nijeriya, sai shekarar horo a asibiti, sai bautar ƙasa, sai wasu shekarun na ƙwarewa, don haka babban likitan zuciya ɗan shekara 25 ba ya yiwuwa. Haka janar ɗin soja ɗan shekara 30. Ɗayan ciwon kuma jan labari ne: labarin da ya ƙare a feji na 50 sai a kawo hatsarin mota da mantuwa don a kai shi 100, saboda an riga an karɓi kuɗin littafi uku.

Ga yadda nake ganin ya kamata a kashe kuɗi. Na zamantakewa, in fejin kyauta sun nuna marubuciyar ta san gidan da take ba da labarinsa, a biya a bi ta kullum. Na yaƙi da tsafi, a jira littafi na ɗaya ya cika, a duba ko an gindaya wa ƙarfin jarumi iyaka kuma an kiyaye ta. Na bincike kuwa a tambayi marubucin kai tsaye kafin a tura ko sisi: an gama rubutawa, ko ana kan taifin? In ana kan taifin, a haƙura sai ya kammala a sayi cikakken. A kuma tambaya ko bayan kammalawa za a ba da shi a haɗe wuri ɗaya, domin fejin da ke warwatse cikin dubban saƙonnin zaure wahalar nema gare su, kuma mai karanta labarin bincike dole ya riƙa komawa baya yana duba wa ya ce me. Wanda ya saya kada ya fitar da littafin zuwa wasu zauruka, don wannan ɗan kuɗin shi ne abin da marubuciyar ke sayen data da shi ta ci gaba da rubutu.