Saƙo daga Agege kan gyambon ƙafar Baba

Assalamu alaikum Yaya, a gaida Inna da mutanen gida. Ka ce in duba maganin gyambo tunda na Baba ya ƙi rufewa. Na zaga kantunan magani daga nan Agege har Idumota.

Kaya kam Legas ta fi Maraɗi. Mu a gida auduga ce da aidin da bandeji, a wanke a ɗaure. Nan kuwa har da wani falle da ake shimfiɗawa cikin ciwo, na kolajin, furotin ɗin da ke riƙe fata da jijiya da ƙashi. Wata nas da muke unguwa ɗaya ta warware mini aikinsa. In fata ta yanke, jini kan daskare ya yi raga, ƙwayoyin gyara su biyo ta su shigo, su kama saƙa zaren kolajin kamar masaƙi a bakin aiki. Zaren farko siriri ne, sai an yi watanni jiki ke sauya shi da mai kauri, kuma ko an warke tabo ba ya wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin fatar asali. A gyambon mai ciwon suga irin Baba, sinadaran da ke narkar da tsohon nama sukan yi yawa, su cinye sabon zaren tun bai kama ba. Fallen nan shi suke samu su ci, naman jiki ya sami sararin tofowa.

Sai dai tsada gare shi, daga waje ake shigo da shi. Wani na saniya ne, wani na kifi, wani na alade, dole a karanta kwali a kuma duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya. Kuma ba ya aiki a kan ciwo mai ruɓa. Sai an kankare mataccen nama, an sauke suga, Baba ya daina taka ƙafar, abin da na san sai an kai ruwa rana da shi.

Garin kolajin da ake tallar sha kuwa, kada ku ɓata kuɗinku. Ciki narkar da shi yake yadda yake narkar da ganda, wadda Yarabawa ke ci kullum. Ku ba shi ƙwai da wake da zogale, da gwaba saboda bitamin C, wanda in babu shi zaren ba ya ƙulluwa da kyau.

Ku kai shi asibiti likita ya duba. In ya ce fallen zai yi, ka turo mini sunan da ya rubuta ta WhatsApp, in ba direban motar albasa ya taho muku da shi.