Tkinter, Qt, wxWidgets ko GTK: wanne zai ba ka iko a kan fokas da kwalliyar maɓalli?

Duk wanda zai gina manhajar kwamfuta ta kanti ko ɗakin magani, abin da ya fi ɗaukar masa hankali shi ne kyan maɓallai. Ni kuwa shawarata ita ce ya fara duba fokas, wato wurin da rubutun kibod ke sauka a kowane lokaci. Mai karɓar kuɗi da layi a gabansa ba ya son miƙa hannu ga maus. Na'urar karanta lambar kaya ma, yawancinta a matsayin kibod kwamfuta take ganinta: ta zuba lambobi, ta biyo da Enter. Idan fokas yana kan maɓallin goge ciniki a daidai lokacin, ɓarna ta afku.

Tkinter, Qt, wxWidgets da GTK duk kayan gina tagogi da maɓallan manhaja ne. Tkinter shi ne mafi arha ta kowace fuska, don yana zuwa tare da Python, harshen rubuta manhaja, a Windows. Tushensa Tk ne, wanda John Ousterhout ya fitar a 1991. Sarrafa fokas a cikinsa ba wuya: focus_set yana kai fokas inda kake so, takefocus yana cire abu daga zagayen Tab. Amma jerin da Tab ke bi yana bin yadda aka jera abubuwan tun wajen ƙirƙira, kuma maɓalli ba ya amsa Enter sai ka ɗaura masa da kanka, Space kaɗai ya sani. Kwalliya ce ke ba da ciwon kai. Tun Tk 8.5 na 2007 akwai ttk, sabon rukunin maɓallai da akwatuna masu bin jigo, wato salon kama, sai dai a jigon vista na Windows, in ka sa wa maɓalli launin baya ba zai rinu ba, domin Windows ce ke zana shi. Dole ka koma jigo irin clam, wanda zai karɓi launi amma ya bar kamannin Windows. A macOS ma haka tsohon maɓallin Tk yake ƙin launi. Ga kuma Tk 8.6 ba ya magana da manhajar da ke karanta wa makafi allo.

Qt ne nake ba wa mafi yawan mutane, kuma dalilina na nan. Kowane abu yana da setFocusPolicy: ka ce ya karɓi fokas ta Tab kawai, ko ta danna maus kawai, ko duka biyu, ko kada ya karɓa sam. Wannan na ƙarshe, NoFocus, shi ne maganin matsalar kanti. Ka sa wa maɓallan gefe, mai ciniki ya danna su da maus, fokas yana zaune daram a akwatin lambar kaya. Jerin Tab kuwa da setTabOrder kake tsara shi yadda aiki ke gudana, ba yadda ka rubuta umarnin manhajar ba. Wajen kwalliya yana da QSS, mai kama da CSS na shafukan intanet, inda za ka ba maɓalli kama daban idan fokas na kansa, daban idan an danna shi.

Akwai tarko biyu da ya kamata ka sani kafin ka shiga. Na farko, a cikin QDialog, ƙaramar tagar tambaya ta Qt, maɓallai suna zuwa da autoDefault a kunne, wato suna amsa Enter, saboda haka Enter ɗin na'urar karanta lamba zai iya danna maɓalli ya rufe taga. Kashe shi inda ba ka buƙata. Na biyu, da zarar ka sauya wa maɓalli iyaka da QSS, ya bar zanen asali, to kai ne za ka zana yanayin fokas da na dannawa. Mutane da yawa suna mantawa, sai maɓalli ya yi kyau amma ba a gane inda ake. Sai batun lasisi, wanda shi ne ainihin farashi: cikin hanyoyi biyu na amfani da Qt a Python, PyQt na kamfanin Riverbank Computing yana ƙarƙashin GPL, mai tilasta buɗe lambobin manhaja, wato umarnin da aka rubuta ta da su, ko lasisin kuɗi, PySide6 kuwa yana da LGPL mai sassauci. Mai niyyar sayar da manhaja ba tare da buɗe lambobinta ba, PySide6 ya fi masa sauƙi. Nauyin fayil ɗin da za ka raba ya fi na Tkinter nesa ba kusa ba, abin lura ga wanda zai tura shi ta data.

wxWidgets, wanda Julian Smart ya fara a Jami'ar Edinburgh a 1992, ya ɗauki wata hanya: maɓallin Windows na gaske yake amfani da shi a Windows, na macOS a macOS. Kwalliya kaɗan ce, kar ka sa rai da yawa. Ribarsa ita ce kibod yana aiki yadda mutane suka saba, kuma masu lalurar gani suna jin daɗinsa. Tagogin NVDA, manhajar karanta allo ta kyauta, da wxPython, wato wxWidgets na Python, aka gina su. In manhajar ta makaranta ce ko asibiti, wannan ba ƙaramin dalili ba ne.

GTK 4, da ya fito a Disamban 2020, yana da CSS mai kyau, har da focus-visible, wanda ke nuna zoben fokas sai idan da kibod ake aiki. Amma an cire hanyar tsara jerin Tab kai tsaye da GTK 3 ke da ita, kuma gidansa Linux ne. Haɗa shi don Windows aiki ne ja.

Ko wanne ka karkata gare shi, kar ka goge ɗigo-ɗigon nan da ke zagaye abin da fokas ke kansa don kawai ya ɓata ado. Musanya shi da iyaka mai kauri da launi mai fita. Sannan ka gina taga ɗaya mai akwati uku da maɓalli biyu, ka zare maus daga kwamfuta, ka ba wanda zai yi aikin ya shigar da ciniki goma a gabanka.